Kwallar da Safara'u Ta Fito da Ita

Da la'asar Safara'u ta fito zance rungume da kwalla. A ciki ta haɗa turare da sabulun da Shu'ibu ya kawo mata toshi, don ta mayar masa, kowa ya kama gabansa. Jami'a ta ɗauke ta karatun gaba da digiri a Zariya, inda za ta koyi shugabancin makarantun ƙananan yara, kuma ta tabbata zai hana.

Shu'ibu na zaune a tabarma, da sauran taɓon fadamar Haɗeja a ƙafarsa.

"Malam, an ba ni gurbin," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"Na ji. Allah ya sa albarka. Ki tafi."

Ta ɗago, ta dube shi. Duk maganar da ta shirya ta bi ruwa. Murna za ta yi ko kuka? Ita kanta ba ta sani ba.

"Shi ke nan? In tafi?"

"To, yaran nan da kike koya wa rera waƙa, ai suna bukatar wadda ta san aikin."

"Ko sau ɗaya ba za ka ce in zauna ba?"

Ya murza bakin tabarma. "In na ce, za ki zauna?"

"A'a."

"To, ni na rasa gane ki."

"Ni ma haka. Amma ka faɗa dai."

Idonsa ya sauka kan kwallar. "Me ke ciki?"

Ta danne murfin da hannu biyu. "Ba naka ba ne."