Ranar da Aka Tone Kabarin Jory

Tun da hantsi Delbert Pascoe ya iso bakin kabarin, da malafar kaboyi, da tauraron gwangwani irin na ɗan doka a ƙirji, da bindiga a ƙugu wadda ba ta taɓa kashe ko ƙuda ba. Masu kyamarar talabijin suna biye da shi. Mu kuwa mutanen Silver Notch muna tsaye nesa-nesa, kowa yana nazarin takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

Ƙasar tudun da kabarin yake ce take zaftarewa. Tsofaffin ramukan azurfa sun rarake ƙarƙashin garin kamar gidan gara, kabarin Jory har ya fara karkata. Majalisar gari ta ce a zuba siminti a bar shi inda yake. Delbert ya doki tebur. Jory kakan ubansa ne, in ji shi, kuma abin ya isa haka: mutum yana kwance a wajen shingen maƙabarta saboda wani fasto ya ƙi a haɗa shi da Kiristoci. Za a ɗauke shi a shigar da shi ciki, duniya tana kallo. Magajin gari ya buɗe baki, ya rufe, ya ce a ba shi ruwan sha.

Jory ne ke ciyar da garin nan. Bayan azurfa ta ƙare, wasu masu fim suka biyo ta nan suka ga dutsen kabarin. Babu sunan uba a jiki, sai "Jory", a ƙasa kuma "Shi ya fitar da mu". Daga wannan suka ƙera dogon ɗan doka mai ƙarancin magana, wanda ke harbe 'yan fashi a tsakiyar titi duk mako. Mahaifin Delbert, baƙon da ya zo riƙe wa masu fim dawaki, ya wayi gari ya ce ai jininsu ɗaya. Iyayenmu suka yi dariya suka ƙyale shi. Da motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara tsayawa, sai dariyar ta koma ciki. Delbert ya sha maganar tare da nono.

A zamanin haƙar azurfa, doka ma ba ta yarda a shigo gari da bindiga ba. Ciwon tari na ƙurar dutse ne ya cika maƙabartarmu, sai ruwan rami, sai gobara. Amma tari ba ya sayar da malafa. Shi ya sa kullum da tsakar rana Delbert ke harbe ma'aikatan otal a titi da harsashin ƙarya, su faɗi, su tashi, su kakkaɓe wando su koma wanke kwanuka.

Tsohuwa Ofelia Baca ta ratso mutane da sandarta, ta ajiye ƙwayar sukari a kan dutsen, kamar yadda gidansu ya saba tun tuni.

"Madam Ofelia, yau ma?" in ji Delbert. "Tururuwa na gaishe ki."

"Yana so ne, Del. Kakana ma haka yake kawo masa."

"Kakanki mai shebur! Nawa ne ya tsare masa kai yana tonon ƙasarsa."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ranar gobarar rami fitilu duk sun mutu. Shi duhu bai dame shi ba, ya daɗe da makancewa a can ƙasa. Mahaƙa suka riƙe shi, ya ja su har waje."

"Makaho? Mutumin da ke harbin kwabo a sama?" Ya juya ga masu kyamara yana murmushi. "Tsufa ne. Ku yanke wannan wurin."

Ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, ka sallami masu hoton nan. Don Allah."

Ya zame hannunsa a hankali, ya yi wa Harlan mai katafila alama.

Ƙarfe ya shiga ƙasa. Ramin ya yi ta faɗi har ya kai girman ɗaki. "Kun gani?" in ji Delbert. "Na ce muku ƙato ne!" Matar magajin gari ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Babu akwatin gawa, sai ruɓaɓɓen tamfol. Harlan ya kashe injin, ya dira cikin ramin da shebur, ya ɗaga gefen tamfol ɗin, ya daɗe a sunkuye.

Delbert ya cire malafa ya durƙusa a bakin ramin. "Kaka," ya ce, "na zo in kai ka gida." Hawayensa na gaske ne, kuma shi ya fi komai ci mana rai.

Harlan ya miƙo wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsatsa, da ƙusoshi a jiki.

"Takalmin dokinsa!" in ji Delbert. "Da dokinsa aka binne shi, kamar a fim!"

Harlan ya miƙo na biyu, da na uku, da na huɗu. Sannan ya ɗago dogon ƙoƙon kai mai manyan haƙora. Delbert ya dira da kansa, ya shiga tona da yatsu, kusurwa bayan kusurwa, yana neman mahayin. Kyamara na kansa.

"Shi ke nan, Del," in ji Ofelia a hankali. "Shi kaɗai ne a ciki. Jory alfadari ne, shi ke ja musu keken azurfa."

Babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu, balle ya tuna masa abin da kowane ɗan garin haƙa ya sani: alfadari ko ɗa ba ya haifa, balle jika.