Inuwar Mai Martaba

Ɗan wani sarki ya sauko daga Marsandi a ƙofar gidan wakafin tsofaffin mata na unguwar Ƙiblatain a ƙasa mai tsarki, yana so a yi wa marigayi mahaifinsa saukar Alƙur'ani.

Tsohuwar da ke riƙe da gidan ta tarbe shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da sarkin ya zo hajji, ya buga hatiminsa kan alkawarin yi wa ɗakin karatunsu rufi. Wasiƙa tara ta aika, ko "mun gani" ba ta samu ba.

Ta shimfiɗa masa darduma a tsakiyar ɗakin, rana tsaka. Kafin a kai izu biyu, gumi ya jiƙe rawaninsa.

"Hajiya, babu inuwa ne?"

"Tafaddal, yi zamanka, ranka ya daɗe. Wadda mahaifinka ya bar mana ke nan."