Matatar da Ta Ƙi Wankuwa

Ka ce ciwon nan kullum sai ya dawo, kai kuma kullum sai ka ƙara shan magani. To, saurari wannan.

An yi wata ma'aikaciya da ke kula da gidan tace ruwa na wani gari a bakin kogi. Matatar wani siririn fallen roba ne mai ɗaukar lantarki, ƙofofinsa ƙanana ne, sun fi ƙarfin ido. Kowace safiya takan sakar masa 'yar wuta kaɗan, sai dauɗar da ta manne ta saki jikinsa, ruwa ya wuce garau. Shekara huɗu haka. Da ruwan wata damina ya janye, sai matatar ta fara toshewa kafin azahar. Wani yauƙi mai ruwan toka ke rufe ta, da sanyi kamar tafin mara lafiya, ga wani ƙamshi-ƙamshi da ta rasa inda ta san shi. Ta ƙara wuta. Ta juya ruwa ta baya, ta wanke. Washegari yauƙin ya dawo, har da wasu zarurruka farare a ciki. Kwana tara tana wannan fama, mutanen gari kuwa suna ta sha.

A rana ta goma ta ajiye kayan wanki, ta bi bututun da ke jawo ruwa daga kogin da ƙafa, rana tsaka. Bakin kogin tsit, ba kwaɗo, ba tsuntsu. Ta tarar da shanu jere a gaɓa, ƙishirwa ta busar musu da hanci, sun zuba wa kogin ido, ba wadda ta sunkuya. Makiyayin, wani dattijo, ya ce mata, "Baiwar Allah, tun sati biyu suka ƙi shi. Ni ban tambaye su dalili ba."

Ta ƙara gaba kaɗan. A nan ta ga ambaliya ta cinye gaɓar wata tsohuwar maƙabarta da ba mai tunawa da ita. Wani farin ƙyalle ya naɗe bakin bututun, yana kaɗawa a hankali cikin ruwa. Sai a lokacin ta gane ƙamshin: turaren likkafani ne. Ta koma da gudu ta rufe famfon garin. Dattawa suka zo suka sake suturta bayin Allah da ruwan ya tono, aka mayar da bakin bututun can sama da wurin. Ita kuwa ta daɗe ba ta iya kai kofi baki sai ta leƙa cikinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa ba ya tsami banza.