Ƙwallo Huɗu a Ragar Brazil

Ƙwallo ta huɗu ma Misozi Sakala ce ta ci. Ta yanke mai tsaron baya, ta zura ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gida, filin wasan Chipata ya kaure da ihu. Kyaftin ɗin Taurarin Kapata, wadda ke auna garin masara a injin niƙa, ta lallasa zakarun Brazil ita kaɗai.

Bwana Njobvu ne ya shirya gasar. Yana da gidajen mai uku, yana kuma neman kujerar majalisa, don haka kofin sunansa ya ci, rigunan 'yan wasa kuwa duk fuskarsa ce a ƙirji. Ya gayyato ƙungiyar mata ɗaya daga Malawi, ɗaya daga Zimbabwe. Amma wadda aka yi wata guda ana shelarta a rediyo ita ce Estrela do Mar, daga can ƙetaren teku.

Sun iso ne a wata tsohuwar bas da aka liƙe gabanta da bayanta da hotunan Bwana Njobvu, har lambar motar ba a gani. Kowacce da baƙin tabarau, suna ta zuba yaren Fotugal. A wajen liyafa an dafa musu taliya ta musamman, suka ture ta gefe, suka janyo nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan kifi, suna mulmula loma a tafin hannu.

Bwana Njobvu ya karɓi lasifika ya ce, "Jama'a kun gani? Kwana ɗaya a hannuna, har sun zama 'yan gida!"

Aka yi tafi.

A fili kuwa, minti goma da farawa mai lamba tara, wata ƙatuwa da ake kira Fabiana, ta fara haki kamar ta hau dutse da tulu. Da Misozi ta taka mata ƙafa, sai Fabiana ta ƙwalla ƙara, "Mayo ine!", wato "wayyo Inna" a Nyanja, yaren su Misozi. Misozi ta ɗan yi turus, sannan ta ce a ranta ashe zafi yarensa ɗaya a duk duniya.

Bayan an tashi, Koci Mbewe, dattijon da ya koya mata ƙwallo tun tana yawo ba takalmi, ya ja ta gefe.

"'Yata, kada kanki ya kumbura. Matan nan ko jifan gefe ba su iya ba."

"Baba, tsufa ne ko hassada?" ta ce. "Brazil fa na ci."

Ba ta tsaya sauraronsa ba, domin Bwana Njobvu na yafito ta. Kusa da shi akwai wani mutum cikin farar kwat, Senyor Amadeu, wakilin ƙungiyar baƙin. Mutumin ya riƙe hannunta ya yi doguwar magana, Bwana Njobvu ya fassara a gaban 'yan jarida: ta nemi fasfo, Brazil na jiranta.

Washegari ta ajiye aikin injin niƙa. Ta gaya wa maigidan ya nemi mai son fari a gashin ido, ita ta gama. Ta daina zuwa atisaye. Da 'yan ƙungiyarsu suka zo dubiya, suna zaton ba ta da lafiya, ta yi musu alkawarin aiko musu da tsofaffin takalmanta. Mahaifiyarta kuwa ta sanar da duk layin masu tumatir a kasuwa, har ta fara amsa sunan Uwar Brazil.

Sati biyu ba labarin Senyor Amadeu. Ofishin Bwana Njobvu kullum amsa ɗaya, yana yawon kamfe. Misozi ba ta damu ba. Manyan mutane ba sa gaggawa.

Abin da ya rage mata hoton fasfo ne, kuma ba za ta shiga Brazil da kitson unguwa ba. Wata ƙawarta ta ce mata idan kitso take so na gani na faɗa, ta je kasuwar kan iyaka a Chanida, wajen matan Mozambik masu jin yaren Fotugal.

Ta hau ƙaramar bas da safe, rana na tsaka ta isa. Rumfunan kitso a jere suke, hayaƙin gasasshiyar kaza na ratsa su. Ta zaɓi mafi girma, ta zauna a kujera ba tare da ta dubi mai rumfar ba, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ki yi min wanda ya fi kowanne. Kuma ki bi a hankali, kan nan Turawa za su gan shi. Ko ba ki ji labarin wadda ta ci Brazil huɗu ba?"

Hannun da ke tsefe mata kai ya tsaya. Mai kitson ta zagayo gabanta tana ɗan ɗingishi, ta sunkuyo ta ƙare mata kallo, sannan ta fashe da dariya har da dukan cinya. Ashe Fabiana ce.

"Kai, ƙanwata! Ke ce kika kusa karya min yatsa!" ta faɗa da yaren Nyanja tsantsa. Ta juya ta ƙwala wa layin rumfunan kira, "Ku fito ku ga mai lamba goma! Amadeu, bar juya kajin nan, zo ku gaisa da 'yar wasanka!"