Ke Ce Ta Tsakiya

Maƙeri ya ɗaga guduma, tsohuwa ta matso kusa da shi.

Ita ce ta kawo gwangwanin sulalla nan kasuwar Dakoro, don a ƙera wa jikanyarta 'yan kunnen aure. Sulalla ne masu ƙarfe biyu, ja a tsakiya, fari a kewaye. Marigayi mijinta ya tara su tun yana zuwa cin rani. Akwai na Aljeriya, akwai na Gana, har da wanda wani alhajin Tailan ya ba shi a Makka. Duk dawowa, tun bai kwance kaya ba, sai ya sa mata guda a tafin hannu yana dariya: "Kin gani? Ke ce ta tsakiya, ni ne na kewaye. Duk yawona, ke nake zagayawa."

"Inna, jan kawai zan fidda," in ji maƙeri. "Farin ba shi da amfani, zubarwa za a yi."

Ta ɗora hannunta bisa sulen da ke kan maƙera.

"Aje gudumarka, ɗana. An raba mu sau ɗaya, ya isa."