Ƙofar Okaziyo

Salifu ya kasa zama tun da aka buge masa ƙofar mota a hanyar Outoul. Asiransi, wato inshora, ta ce kuɗin okaziyo, tsohuwar ƙofa, kawai za ta biya. Kamfanin da ya ba shi hayar motar ya ce in ba sabuwa ba, yau zai karɓe makulli.

Wakilin kamfanin ya duƙa gaban ƙofar da makaniki ya samo wajen masu tsofaffin kaya.

"Malam Salifu, mu ba ma sa tsohon ƙarfe a motarmu."

Wakilin ya duba lambar jikin ƙofar, ya duba takardar motar. Ya sake dubawa. Lamba ɗaya ce.

Salifu ya tsaya cak.

"To patron, in wannan ce ƙofarta ta asali, ita kuma waccan da kuka ba ni motar da ita, daga ina ta fito?"