Na'urar Aro

Mijin Uwar Biyu bakanike ne, kuma ya daɗe yana fama da ciwon kai mai kama shi ta ƙeya. Duk lokacin da abin ya tsananta sai ta rufe shagon ɗinkinta, ta tasa shi gaba zuwa ƙaramin asibitin da ke jikin shagon, wurin likitan da ke duba iyalinsu tun aurensu.

Likita mutumin kirki ne, ba mai musu. Sai dai na'urarsa ta awon jini ta tsufa tukuf. Tiyon ya tsage an naɗe shi da salatif, in ya matsa famfon kana jin iska na tsiyaya. Zai ɗaura wa Bakanike a damtse, ya leƙa, ya yi dariya.

"Oga, jininka kamar na saurayi! Gajiya ce kawai. Ko Uwar Biyu ce ke ba ka ciwon kan?"

A yi dariya, a ba shi maganin ciwon kai, su koma gida.

Wata safiya Uwar Biyu ta ga ana ta share-share da goge-goge a asibitin. Nas ta fito da sauri, ta tsallaka titi zuwa kemis, ta dawo da sabuwar na'ura fil a kwalinta. Ashe masu duba asibitoci ne za su zo daga hukumar lafiya, wani ya tsegunta wa ma'aikatan asibitin. Aka cusa tsohuwar a ƙasan tebur.

Da masu dubawar suka gama zagaye, wata daga cikinsu ta leƙo shagon ɗinki.

"Baiwar Allah, nan kuke ganin likita? Akwai abin da kika gani da bai kwanta miki ba?"

Maganar ta zo mata har baki. Sai ta tuna wannan likitan ne ya karɓi haihuwar tagwayenta. Kara ta hana ta.

"Wallahi komai lafiya lau," in ji ta.

Motarsu na barin layin, Nas ta mayar wa mai kemis kayansa.

Ba a jima ba aka aiko daga gareji cewa Bakanike ya yanke jiki ya faɗi, sifana a hannunsa. A babban asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likitan can ya dubi Uwar Biyu da ɓacin rai.

"Wannan hawan jinin ba na yau ba ne. Ba ku taɓa auna shi ba?"

Ta ce kullum ana aunawa. Tana rufe baki ta gane tsohuwar na'urar nan ce ta yaudare su.

Ta sami likitansu ta gaya masa. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ƙaddara ce, na'urar nan tun yana sabon likita yake aiki da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"To in kana da yaƙini a kanta, Likita, me ya sa aka ɓoye ta ranar da aka zo dubawa?"

Ya kawar da kai, ya kira mara lafiya na gaba. Amma washegari ta hango shi ta taga yana ɗaura wa wata mai ciki tsohuwar na'urar. Nan take ta ɗauki gyalenta, ta nufi ofishin hukumar lafiya.

Kai, ta sha magana! Maƙwabciyarta mai kanti ta tare ta a hanya. "Haba Uwar Biyu, mutumin da ya rufa mana asiri shekara da shekaru za ki kai ƙara? Wannan ai butulci ne."

"Yaya, ni ba ƙararsa na kai ba, na'urarsa na kai. In ɗaure ni za a yi, sai na faɗa."

A ofis aka ce ta dawo gobe, ta dawo. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, ta zauna a benci da ɗinkinta a cinya. Da suka ga ba ta da niyyar gajiya, suka turo mutane ba sanarwa. Aka gwada tsohuwar na'ura da tasu a damtse guda: tasu ta nuna jini ya hau, ta Likita ta ce lafiya ƙalau.

Aka ɗauke tsohuwar na'urar, aka sa asibitin ya kira duk masu zuwa awo a sake auna su. An samu da dama jininsu a sama, har da mai cikin nan, har da mai kanti. Shi kansa Likita da aka auna shi, sai da aka rubuta masa magani. Ya zo har gida, ya zauna gaban Bakanike, ya ce a yafe masa.

Bakanike ya so ya miƙa masa hannu, hannun ya ƙi tashi. Uwar Biyu ce ta ɗaga masa shi, tana hawaye. Har yau ita ke sa masa maɓallin riga, garejin kuma an ba wani haya.

Jama'a, kirkin likita ba ya gyara kayan aikin da ya lalace. Duba asibiti don kare ranmu ake yi, kada mu taya kowa ɓoye aibi. In an tambaye ku, ku faɗi abin da kuka gani tun kafin wani ya faɗi.